KATIN RIGA-KAFI DA KUJERAR HAJJI: Jawabi ga matasa a Shahuci, Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ku ne ke yi wa iyayenku zirga-zirgar takardun Hajji, shi ya sa maganar nan taku ce. A 2020 da 2021 babu alhajin da ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, saboda annobar korona. Da aka buɗe ƙofa a 2022, Saudiyya ta ba Nijeriya kujeru 43,008, da sharaɗin mutum bai wuce shekara 65 ba, ya yi allurar korona, ya kuma kawo shaidar gwaji. A 2023 aka janye sharaɗin shekaru, amma allurar sanƙarau da ta shawara suna nan.

To, na san abin da wasu ke faɗa. Za su ce ai mun ga abin da Pfizer ta yi. Gaskiya ne. A 1996, a Asibitin Zana, kamfanin ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 suka shiga cikinsa, 11 suka rasu. Wanda ya ce Bakano ya manta da wannan bai yi mana adalci ba. Sai dai Trovan magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba riga-kafi ba ne. Kuma a wannan shekarar ce aka hana alhazan Nijeriya shiga Saudiyya saboda sanƙarau.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen katin bogi. A ba wani kuɗi ya buga hatimi, allura ba ta taɓa jikin tsoho ba! Wa aka cuta? A Hajjin 2000 wani nau'in sanƙarau mai suna W135 ya ɓarke, alhazai suka kai shi gidajensu a ƙasashe da dama. Wato mai dawowa da zamzam yana iya dawo wa jikokinsa da ajali. Sayyidina Umar (RA) kansa, da ya sami labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma babu mai fin sa tawakkali a cikinmu.

Saboda haka ka raka mahaifinka da ƙafarka. Ka tambayi sunan allurar, ka duba ranar lalacewarta a jikin kwalba, wannan haƙƙinka ne. Ta sanƙarau kuwa sai an yi ta da aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya, don haka kada a bari sai an kira jirgi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.