Horon Sabuwar Mota Mai Gazuwal: Daga Owendo Zuwa Bakin Iyaka

Zancenmu na yau a kan sabuwar mota ne, babba, ta alfarma, mai shan gazuwal, wato man dizal. Irin wadda Alhaji zai sayar da shanu masu yawa, ko ya haɗa ribar shekaru a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, kafin ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Owendo a miƙa masa makulli.

To Alhaji, ka karɓi makulli. Me ya rage? Horo. Masu Faransanci suna ce masa rodaj. Kai da ka san dabba, ka san ba a ɗaura wa ɗan bijimi garma ranar farko a ce ya nome gona duka. Haka inji yake. A cikinsa akwai fistin masu hawa da sauka, kowanne da zobban ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira ringi. Sabon ringi bai gama zama daidai da bangon da yake gogawa ba. A tafiyar farko ne suke sabawa da juna. In sun zauna da kyau, inji zai riƙe ƙarfinsa, ba zai sha baƙin mai ba. In ba su zauna ba, hayaƙi da shan mai za su bi motar har tsufanta.

Yawancin kamfanoni suna sa wannan horo tsakanin kilomita 1,000 zuwa 1,500 na farko. Buɗe littafin da ya zo da motarka, abin da ya faɗa shi ne gaba da maganar kowa a tasha. A wannan tsakanin, kada ka take totur har ƙasa. Kada allurar juyin inji ta wuce kashi biyu cikin uku na ma'auninta. Kada ka ja tirela, kada ka danƙara mata buhuna. Sabuwar taya da sabon burki su ma suna son wajen kilomita 300 kafin su kama sosai, ballantana a garin da ruwan sama ba ya wasa kamar Libreville.

Amma a kula, lallaɓawa fiye da kima ita ma illa ce. Wani zai sa babbar giya yana tafiyar hawainiya, inji yana kakkarwa yana nishi, shi a ganinsa tattali yake yi. Wannan wahalar da inji ne. Wani kuma zai kunna mota a ƙofar shago, ya bar ta awa guda tana aiki a tsaye don esi ya sanyaya ciki. Injin gazuwal da ke aiki a tsaye ba ya yin zafin da ya kamata, man ba ya ƙonewa duka, bangon fistin ya yi santsi kamar gilashi, ringi ya kasa kamawa. Saboda haka cunkoson PK5 zuwa PK12 safe da yamma ba wurin horon mota ba ne.

Ina ne wurin horo? Hanyar da kuka saba bi. Ka fita Libreville ta Ntoum da Kango, ka kai Bifoun, ka karya arewa zuwa Ndjolé, Mitzic, Oyem, Bitam, har gadar kogin Ntem a Eboro, inda ake shiga Kamaru. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 1,000. Hanya ce mai hawa da gangara da kwana, dole ka riƙa canza giya, gudu yana ƙaruwa yana raguwa. Abin da sabon inji yake so ke nan, ba a daɗe a kan gudu ɗaya ba. Sai dai a yi hattara da manyan motocin dakon gungumen katako a kwanonin Ndjolé. In ka tsaya bayan doguwar tafiya ko hawan tudu, bar injin minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don turbo ya huce baƙin mai yana zagaya shi.

Yanzu batun shan mai. Da yawa sukan dawo wurin dillali da faɗa tun makon farko, wai mota tana sha fiye da abin da aka rubuta a takarda. Ka yi haƙuri tukuna. Sabon inji a matse yake, shansa yakan sauka kaɗan kaɗan bayan ya ci 'yan dubban kilomitoci. Lissafin takarda kuwa a ɗakin gwaji aka yi shi, ba a laka da cunkoso ba. Kai ka yi naka awon: cika tanki taf, rubuta kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa taf. Misali, ka yi kilomita 600, tanki ya ci lita 48, to motarka tana shan lita 8 a kowace kilomita 100. Rubuta a ɗan littafi kowane cikawa. Ranar da lissafin ya tashi ba dalili, ka san akwai abin dubawa tun bai zama babba ba.

Abubuwan da ke cinye mai sanannu ne. Gudu na farko: in ka ninka gudu biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Sai taya mai ƙarancin iska, sai kaya a saman mota, sai taka totur da burki a jere kamar ana koranka.

Sai babbar magana gare ku 'yan kan iyaka: man jarka. Ko a Kye-Ossi ne ko a wani ƙauye a hanya, man da ya kwana a duro yakan tara ruwa da datti. Tsohuwar mota tana iya haɗiyewa ta wuce. Injin zamani kuwa yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ƙofofi sirara kamar gashi, ruwa kaɗan ya isa ya kashe nozul da famfo, kuɗin gyaransu kuma ya kai na saniya ko fiye. Sha a gidan mai da ka amince da shi. In fitilar ruwa a filta ta kama, tsaya a tsiyaye.

Tambaya ɗaya kuma ka yi wa dillali kafin ka biya: an ƙera motar nan don man Afirka ne, ko don Turai? Tun 2009 gazuwal ɗin Tarayyar Turai kusan ba shi da sinadarin sulfa, kuma motocin can suna da matatar toka a salansa wadda ke saurin toshewa da mai mai sulfa da yawa, musamman a gajerun tafiye-tafiyen cikin gari.

Kada ka tsallake juyen baƙin mai na farko, kuma a buga maka hatimi a littafin garanti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa a kashe lafiya, Ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.