Yarjejeniyar da Amurka Ba Ta Shiga Ba

Cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka ce kaɗai ba ta tabbatar da Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta 1989 ba. Duk da haka, a 2005, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta hukuncin kisa kan wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18, Mai Shari'a Anthony Kennedy ya ambaci sashe na 37 na yarjejeniyar. Mai Shari'a Scalia ya ƙi yarda, yana ganin ra'ayin ƙasashen waje ba shi da hurumi a kotun Amurka. Ni dai ina bayan Kennedy, domin hukuncin ya kuɓutar da fursunoni fiye da 70 daga kisa.