Alkawarin Ɗan Takara a Shekarar Fari: Jawabi ga Makiyaya da 'Yan Kasuwar Bisashe

Muna gaida iyayenmu ardo-ardo da rugga-rugga da garso-garso, da sarakunan kara da dillalai da fatake, da iyayenmu mata masu nono. Sannunku da hanya.

Jama'a, maganarmu ta yau a kan siyasa take, amma ba kamfe muka zo yi wa kowa ba. Za mu waiwayi abin da wani ɗan takara mai ra'ayin kawo sauyi ya sa gaba lokacin da Nijar ke cikin tsanani, mu auna shi da ma'aunin makiyayi, domin mu san abin da za mu tambaya duk ran da aka sake kaɗa gangar zaɓe.

Ku tuna shekarar 2010. Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, ciyawa ta yi ƙaranci. A watan Fabrairu sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da Tanja Mamadu saboda rikicin tazarce. Sabuwar hukuma ba ta ɓoye ba, ta ce akwai yunwa, aka ƙiyasta mutane wajen miliyan 7 na cikin ƙarancin cimaka, kusan rabin al'ummar ƙasa ke nan. A arewacin Dakwaro da Tanut da Abalak bisashe suka riƙa faɗuwa. Da ruwa ya sauko da ƙarfi, sai ya kashe da yawa cikin waɗanda suka rame. A kasuwa kuwa, wata saniyar ba ta sayen buhun hatsi ɗaya.

Cikin wannan hali aka shiga zaɓen 2011. Mahamadu Isufu na jam'iyyar PNDS Tarayya, wanda ya sha tsayawa takara tun 1993, ya fito da shirin da ya kira na farfaɗo da Nijar. Ya ce zai ƙarfafa hukumomin dimokuraɗiyya, ya tsare rayuka da dukiyoyi, ya gina hanyoyi, ya kammala madatsar ruwa ta Kandaji. Ya yi alkawarin makaranta kyauta kuma dole har yaro ya kai shekara 16, da aikin yi ga matasa 50,000 kowace shekara, da ruwan sha a karkara. Babban abin da ya shafe mu shi ne shirin 3N, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, wanda manufarsa ita ce fari ya daina zama yunwa. A zagaye na biyu, a watan Maris, ya kada Seini Umaru da kusan kashi 58 cikin 100, aka rantsar da shi 7 ga Afrilu.

Mu fara da abin yabo, don wanda ya yi nagari a faɗa. Daminar 2011 ma ta gaza, amma gwamnati ta yi shela da wuri, ta nemi agaji tun kaka ba ta ƙare ba. Wanda ya ga yadda aka musanta yunwar 2005 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shelar wuri ita ke ba makiyayi damar rage garke tun bisa na da nama a jiki, kuma ita ke sa dusa da gurya su iso kafin bazara ta kama. Shirin 3N ma bai manta da kiwo ba, don a cikin gidan manomi da aka tsara wa kowace gunduma an tanadi rumbun abincin bisashe.

To, amma ku dubi sunan da kyau: gidan manomi. Gida a kafe yake, makiyayi kuwa tafiya yake yi. Dusar rahusa da ke ajiye a babban gari ba ta da amfani ga wanda ke kwana uku daga can da shanun da ba su iya tashi. Wannan shi ne darasi na farko: ba a tambayar ɗan takara ko zai taimaki kiwo, a tambaye shi ta wace hanya taimakon zai cim ma wanda ke daji.

Darasi na biyu ya shafi doka. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa. A 1993 aka yi dokar karkara, shekara biyu bayan kisan Toda na 1991, inda aka hallaka mutane sama da 100, galibi mata da yara. A ranar 20 ga Mayu 2010 mulkin riƙon ƙwarya ya sa hannu kan dokar makiyaya, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma hana kowa mallake filin kiwo ya zama nasa shi kaɗai. Ke nan Isufu ya tarar da doka a rubuce, aikinsa shi ne zartarwa. Sai dai ƙa'idojin zartar da ita sun riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, shekaru na wucewa, gonaki na cin burtali da mashaya. A watan Nuwamba 2016 aka yi rikicin Bangi a jihar Tawa, aka rasa rayuka kusan 20. Doka a takarda ba ta buɗe burtali sai an kafa alamu an kuma hukunta wanda ya tuge su.

Darasi na uku, tsanani ba ɗaya ba ne. An yi alkawari da fari a zuciya, sai yaƙi ya zo. Libiya ta wargaje a 2011, arewacin Mali a 2012, a watan Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Kuɗi masu yawa suka koma wajen tsaro. Aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin Cadi, masu shanun Kuri suka rasa makiyayarsu ta rani. 'Yan kasuwa kuma ba ku manta da faɗuwar naira ta 2016 ba, da rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Da ya sauka a 2021, Kandaji ba ta kammalu ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya zo neman goyon bayanmu, mai farar hula ne ko mai kaki, mu aza masa tambaya huɗu. Burtali nawa za a shata, a wace jiha, a wace shekara? Abincin bisashe zai iso kafin watan Maris, ko sai sun fara faɗuwa? In aka rufe iyaka ko kasuwa ta karye, me aka tanadar wa mai bisa? In yaƙi ya ci kasafi, wane ɓangare na kuɗin kiwo ne ba za a taɓa ba? Mu sa a rubuta amsar, mu adana ta. Mu kuma tura namu cikin kwamitocin ƙasa da majalisun gundumomi, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye garke da mai garke, ya zaunar da mu lafiya da 'yan'uwanmu manoma.