Jawabi a Kan Dafin da Ke Kwance Cikin Ƙasar Noma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ina faɗakar da ku a kan haƙƙin ɗan ƙodago wanda ke aiki a ƙasa mai dafi.

Ku sani, majeman dā da bagaruwa suke jima. Masana'antun fata na Kano kuwa, a Sharaɗa da Challawa, da gishirin wani ƙarfe suke yi, ana ce masa kuromiyam, ruwan dauɗarsu yana gangarawa kogin Challawa. Haka na masana'antun Bompai yake bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da alayyafo da karas. Masu awo sun sami kuromiyam da darma cikin ƙasar waɗannan lambuna.

Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar taki. Yana zaune a ƙasa shekara da shekaru, yana shiga jiki ta ƙura, da hannun da aka ci tuwo da shi ba wanki. Hujjata ita ce Zamfara a 2010. Can an niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, darmar da ke cikinsa ta gauraya da ƙasa, yara kimanin 400 suka rasu. Ƙauyuka kamar Dareta da Bagega ba su tsarkaka ba sai da aka kankare ƙasar sama aka zuba sabuwa.

To, mai lambu yana inuwa, ɗan ƙodago yana cikin taɓo ba takalmi, sau da yawa almajirinmu ne. Abin da nake kira gare shi ke nan. Mai lambu ya kai ƙasarsa da ruwansa a auna. Ya ba ma'aikaci takalmin roba da safar hannu, da sabulu da ruwa mai tsabta. A yayyafa ruwa kafin a kafta busasshiyar ƙasa. Kada a ci abinci a kan kunya, kada a shiga gida da tufar aiki. Ƙananan yara da masu ciki a nisanta su, gama darma tana dakushe basirar yaro har girmansa.

Ya malam, kafin ka sallami almajiri zuwa ƙodago, tambayi da wane ruwa ake shayar da lambun. Amanar iyayensa tana wuyanka.

Allah Ya kiyashe mu. Wassalamu.