Kowane Haɗi da Sunansa



An nemi in yi magana a kan kalmomin Ingilishi masu ma'anar haɗawa. Wani zai ce ai wannan aikin ƙamus ne. To, a ƙasar nan har jini an zubar a kansu.

Mu fara da masu sauƙi. "Join" daga Latin take, tushenta ɗaya da sunan karkiyar shanun huɗa: biyu ne, amma tafiyarsu ɗaya. "Connect" kuwa sada abu biyu ne, kamar yadda gadar Jebba ta sada gaɓa biyu na kogin Kwara, kowace tana inda take. "Merge" ita ce gamuwar Kwara da Binuwai a Lokoja, inda daga bisani ba mai iya ware ruwan wannan daga na wancan.

Yanzu mu dubi tarihinmu. Ranar 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, aka kira abin "amalgamation", kalmar da asalinta narkar da ƙarfe ne cikin zaiba. Amma ba a narke ba, domin kowane ɓangare ya ci gaba da mataimakin gwamnansa. A 1954 aka koma "federation", wato tarayya, wadda tushenta alkawari ne: kowace jiha da ikonta, gwamnatin tsakiya da nata. A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya soke wannan tsari da Doka ta 34 ta "unification", wato mai da ƙasa dunƙule ɗaya, sai tarzoma ta ɓarke a Arewa. A Janairun 1967 aka zauna a Aburi ta ƙasar Gana. Ojukwu ya tashi da fahimtar da ta yi kusa da "confederation", inda ƙarfi ke hannun jihohi, gwamnatin Gowon kuwa ta tsaya a kan tarayya. A watan Yuli yaƙin basasa ya tashi, bai ƙare ba sai Janairun 1970.

'Yan'uwa, gobe ku ne masu rubuta takardun ofis da fassara su. Idan kun ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan, kada ku ce "haɗawa" ku wuce. Ku tambaya: bayan haɗin, wa zai riƙe sunansa? Baitulmali yana hannun wa? Akwai ƙofar fita? Amsar ita za ta gaya muku ko tarayya ce, ko ƙawance, ko haɗiyewa.