Dutsen da Saniyarka Ke Takawa

 

Yau a kan dutse za mu tattauna. Kai makiyayi, ka sha wuce wata jijiyar farin dutse da ta ratsa tsauni, da wani abu mai ƙyalli a jikinta da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Masana na kiran irinsa fegmatit. Asalinsa ragowar narkakken dutse ne mai ruwa a ciki, da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa ke fitowa manya-manya. A irinsa ake samun tomalin, da akwamarin mai shuɗi-shuɗi, da kuza, da litiyam na batirin waya, wanda ake rububinsa yanzu a jihar Nasarawa ta Najeriya. Mu ma nan Adamawa haƙa ba baƙuwarmu ba ce: tun zamanin Faransawa ake tonon kuza a Mayo Darle, kusa da Banyo.

To, ga abin lura. In ka tsinci dutse mai launi, dogo kamar fensir, kada ka sa masa guduma wai don ka ga cikinsa. Akwai masu tara irin waɗannan duwatsu don ajiya, kowace shekara wajen watan Fabrairu suna cika kasuwar Tuson a Amurka. Abin da suke zuba wa kuɗi shi ne cikakke, kansa bai gutsure ba, yana zaune a jikin uwarsa. Farfasasshe kuwa sau da yawa a kilo ake auna shi. Naɗe shi a tsumma, ka nuna wa dillalai biyu ko uku kafin ka ce ka sallama.

Kai kuma falke, a kula da fasasshiyar kwalba da aka goge. Ɗaga wa rana: in ka ga 'yan kumfa kewayayyu a ciki, yawanci gilashi ne.

Sai maganar ramuka. Ramin da aka bari a buɗe, damina ta cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa, yakan ci saniya, yakan ci yaro mai kiwo. Kafin a sa diga kusa da burtali ko mashaya, a je gaban arɗo da lamiɗo, a nemi takardar hukuma, a kuma yi sharaɗin wanda ya haƙa shi zai cike.

Allah Ya tsare mana dukiya da iyali. Sai mako mai zuwa.