Zaɓen Ƙamus na Jamusanci da Ingilishi



Bahaushen da ya ɗaura niyyar koyon Jamusanci yana da hujja babba. A shekarar 1851 Heinrich Barth ya shigo Kano, a 1906 kuma Adam Mischlich ya buga ƙamus na Hausa zuwa Jamusanci a Berlin. Rubuce-rubucen Jamusawa a kan harshen Hausa suna da yawa, wanda bai iya harshensu ba kuwa sai dai ya ji ta bakin wani.

To, amma ɗalibin da ke zaune a Tudun Wadan Zariya ta kan Ingilishi yake bi kafin ya kai ga Jamusanci. Idan ƙamus ɗin da ke hannunsa ya kauce, kuskuren sai ya ninka. Saboda haka wajibi ne mai saye ya duba abubuwa uku.

Na farko shi ne jinsi da jam'i. Hausa jinsi biyu gare ta, Jamusanci kuwa uku: der, die da das. Der See tafki ne, die See kuwa teku ce. Kamar yadda baƙo ba zai iya kintata cewa jam'in doki dawaki ne ba, haka ɗalibi ba zai kintaci Bücher daga Buch, watau littafi, ba. Dole ƙamus ya nuna masa.

Na biyu shi ne misalai cikin jimla, irin waɗanda suka ɗaukaka ƙamus na Bargery na 1934. Kalmar Gift a Jamusanci guba ce, alhali a Ingilishi kyauta ce. Ma'aikacin da ya fassara takardar magani bisa zato yana iya jawo asarar rai.

Na uku shi ne shekarar bugu. A 1996 aka amince da gyaran ƙa'idojin rubutun Jamusanci, daß ta koma dass. Tsohon bugu yana da amfani wajen karanta Mischlich, amma zai ɓatar da mai shirin jarrabawa.

Ƙamus na Langenscheidt da na Collins da na Oxford-Duden duk sun yi suna, sai dai ƙanana na aljihu sukan tsallake misalai. Araha ba ta ado. Kafin a miƙa kuɗi, a buɗe See da Buch da Gift a gaban mai kanti. Idan littafin ya amsa duka uku, a saya.